Koren Fenti a Gindin Fanteka

"Ku yi shiru mana, an fara!"

Uwani ta murɗa rediyon Babanta har ƙarshe, muryar mai karatu ta cika tsakar gida. Ita da ƙafarta ta bi layinsu na Gyadi-Gyadi gida-gida tun da hantsi tana gayyato mata. Yau Lahadi, yau gidan rediyo zai fara karanta sabon littafin Malam Inuwa, malamin firamaren nan na Tarauni, wanda duk unguwa ta san a ƙofar gidan su Uwani kekensa yake yin la'asar.

Mata sun cika tabarma biyu. Inna tana can bakin madafi tana tsince shinkafa a faifai, ta juya baya kamar ba ta ji, saboda kunyar suruki. Amma kunnenta yana nan.

"'Yar nan, in na ji sunanki a ciki sai na rangaɗa guɗa," in ji Hajiya Lami dillaliya.

"Kai, Hajiya!"

Uwani ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya, zuciyarta fal da alfahari.

Mai karatu ya ci gaba:

"...Aka kai amarya ɗakinta, mata suka shiga kallon jere suna salati. Kwalla kan kwalla, fanteka kan fanteka, langa da samira sun hau bango har sun taɓo rufi, sai ƙyalli suke yi. Kowa na cewa lallai uban yarinyar nan ya yi ƙoƙari, ga shi direban motar gyaɗa ne, ga shi bana fari ya hana gyaɗa."

Hannun Inna ya tsaya cak a cikin faifai.

"Amma ni mai ba ku labarin nan ina da hali guda. Duk abin da ya ba ni sha'awa, sai na kife shi na duba gindinsa. Da za ka sauko da fantekar can ta sama ka kife, ɗigon koren fenti za ka gani, shaidar dillaliyar unguwa. Ta ƙasanta jan farce ne a jiki, ta matar mahauci ce. Langar gefe an ƙarce ta da ƙusa, ta mai ƙosai ce. Jeren nan kaf na aro ne, in an kwana biyu za a riƙa zare shi ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin mayafi. To haka ɗan Adam yake. Haka ma soyayyarsa. Abin da ya jera maka a fuska na aro ne..."

Faifan ya suɓuce. Shinkafa ta watse, kaji suka yo kanta, ba wanda ya kore su.

Matar mahauci ta dubi mai ƙosai.

Mai ƙosai ta dubi ƙasa.

Watan jiya aka kai Husaina, yayar Uwani, gidan mijinta a Tarauni. Jerenta yana can a bango, ko murfi ba a zare ba tukuna.

"Koren fenti," in ji Hajiya Lami a hankali. "Ni ke nan. Yau na shiga rediyo."

Ba wadda ta yi dariya. Uwani ta kai hannu ta kashe rediyon. Nan take kowace mace ta tuna ta bar tukunya a wuta. Kafin ka ce me, tabarmi sun zama wayam.

"Wa ya gaya masa?" in ji Inna.

Uwani ta hau naɗe tabarma.

"Uwani, da ke nake."

"Inna... wallahi ba haka na..."

"Ya isa. Na ji."

Inna ta durƙusa tana tsince shinkafa daga ƙasa ƙwaya-ƙwaya. Da ma mari ta yi mata, da ya fi sauƙi.

Aron jere ba sabon abu ba ne. Duk uwar da za ta aurar da 'ya hannunta bai kai ba, makwabta ne suke cika mata bango. Kowace mace tana da shaidar da take sa wa kwanonta a gindi don kada ya ɓata. Kowa ya sani. Amma abu ne da ba a faɗa, ko a tsakanin masu yinsa.

Uwani ta faɗa.

Ranar da ta faɗa, ita da Inuwa suna zaune a zaure ne, shi a kan tabarma, ita a dokin ƙofa. Ya ga idonta ya yi ja, ya ce, "Sanyin idona, wa ya taɓa min ke?" Ta ce ba kowa, daɗi ne ya sa ta kuka. Ta ba shi labarin yadda Inna ta yi ta rama saboda ba abin da za a jera wa Husaina, da yadda mata suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya da kwano a ƙarƙashin mayafi, su ajiye a bayan ƙofa su fita suna zancen tsadar gero. Ya karkace kai yana saurare kamar yadda ya saba, har yana tambaya, "Wane launi ne fentin?"

Sauraren nan nasa shi ya sa ta so shi. Samari da yawa sun zo, kowa bakinsa yake ji. Inuwa ne kaɗai in tana magana yake yin kamar ba kowa a duniya sai ita.

Ashe tara kayan aiki yake yi.

Rana ba ta faɗi ba Husaina ta faɗo gidan, ba takalmi, ɗankwali a hannu.

"Inna, sun kife min jere!"

Ta zube a tsakar gida tana shessheƙa. Da ƙyar aka gane maganarta. Surukarta, Iya Talatu, ita ma ta kunna rediyo. Indo ce, ƙanwar mijin, ta ce, "Iya, direban gyaɗa fa aka ce. Zo mu duba na amaryarmu." Indo kuwa tun kafin Inuwa ya san Uwani take aika masa da dambun nama makaranta yana mayarwa. Suka shiga ɗakin, Indo ta hau kujera ta riƙa sauko da kwanuka tana kifewa a gaban matan gida.

"Ga kore! Ga ja! Ga mai ƙusa!"

"Bello fa?" in ji Inna. "Mijin naki bai ce komai ba?"

"Ya fita ya bar gidan. Iya ta ce ita ba a yi mata rufa-rufa. Ta ce gobe a zo a kwashe kayan mutane daga gidanta, in ya so sai a san matsayina."

Husaina ta ɗago ta dubi ƙanwarta.

"Me na yi miki, Uwani? Don kin samu mai ilmi sai ki sayar da ni a bakin zaure?"



Mahaifinsu, Malam Garba direba, ya shigo a kan haka. A tasha ya ji labarin, cikin abokan aikinsa, har wani ya ce masa, "Garba, kamar da kai ake." Bai yi tsawa ba. Ya rataye hularsa a ƙusa, ya ce:

"Kayan da yaron nan ya kawo, a haɗa a mayar. Maganar aure babu ita. Ke kuma, tunda bakinki ne ya fito da kwanukan nan, kanki ne zai ɗauko su. Gobe da rana tsaka. Ki kai wa kowa nata."

"Malam, 'ya mace, a bainar jama'a..." Inna ta fara.

"A bainar jama'a aka karanta ni."

Sai ga ƙararrawar keke a waje. Ƙirrin! Ƙirrin!

Uwani ta fita zaure kafin uban ya motsa. Inuwa yana tsaye, dogo, siriri, alli a gefen hannun rigarsa, fuskarsa sai walƙiya take.

"Uwanina! Kin ji? Kin ji yadda ya karanta wajen jeren nan? Abokina Mu'azu ya ce tun da nake rubutu ban taɓa..."

Ya tsaya. Ya ga fuskarta.

"Lafiya?"

"Yaya Husaina tana ciki. An koro ta."

"Subhanallahi! A kan me?"

"A kan koren fenti."

 Sai Inuwa ya yi abin da masu ilmi suke yi in an kama su, ya fara bayani.

"Amma ai na canja sunaye. Na canja garin ma. Ban ce Kano ba, ban ce Gyadi-Gyadi ba..."

"Malam, mata ba da suna suke gane juna ba. Da kwano ne."

"Uwani, ki fahimce ni. Ba da Husaina nake ba. Da ɗan Adam nake, gaba ɗayansa. Aikin marubuci ke nan, ya kife abu ya nuna wa mutane gaskiyar da suke gudu."

"Ɗan Adam gaba ɗayansa yana gidansa yana cin tuwo. Husaina ce a tsakar gidanmu ba takalmi."

"Amma ƙarya na rubuta?"

Ta dube shi. Hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa.

"Ranar da ka fara zuwa gaishe da Baba, babbar rigar da ka sa, shuɗiyar nan mai aiki, ta wa ce?"



"Ta Mu'azu ce," in ji ta. "Tun daga nesa na gane, don ta yi maka gajarta, ƙwaurinka duk a waje. Inna ta gane. Baba ma ya gane. Ka san me Baba ya ce da ka tafi? Ya ce, yaron nan yana da shiga ta mutunci. Ni kuma ranar na fara son ka. Na ce mutumin da ya je ya ari riga don ya zo gidanmu, ya ɗauke mu da daraja. Ka taɓa ji a bakin wani?"

"Uwani..."

"Ka ce abin da mutum ya jera a fuska na aro ne, har soyayyarsa. To ga tawa, kife ta ka duba. Shaidar wa ka gani?"

Ya kama hannun kekensa.

"Kada ka sake jingine kekenka a nan. Baba ya ce babu. Ni ma na ce babu."

Ta shige ta saki labule. A bayan labulen ta toshe baki da mayafi don kada ya ji.

Gaskiyar magana, Inuwa ba mugu ba ne. Yana da ilmi, wayon zama da mutane ne ba shi da shi. Maraya ne tun yana ƙarami, ya tashi yau a gidan wannan kawu, gobe a gidan waccan gwaggo. A nan ya koyi karanta fuska. In an miƙo masa tuwo da fara'a, sai ya tsaya ya gano me ake so a wajensa, kuma sau da yawa akwai abin da ake so ɗin. Da ya girma ya mai da wannan ɗabi'a sana'a. Littafinsa na farko a kan rowa ne, na biyu a kan hassada, malaman makaranta suna yabawa, ana cewa yaron nan yana ganin cikin mutum. Shi ma ya yarda. Ra'ayinsa a kan so kuwa sananne ne, yakan faɗa wa abokai a teburin mai shayi: wai mutum ba ya son kowa, kansa yake so a cikin idon wani.

Ya faɗi haka yana kuma son Uwani kamar ransa, bai taɓa ganin abin ya ci karo ba.

Washegari ya shiga aji ya ɗauki alli, ya kasa rubuta ko kwanan wata. Shuɗiyar rigar nan ce take masa yawo a ido. Ya tuna yadda ya riƙa jan ta ƙasa a gaban Malam Garba, yana murna ba wanda ya lura. Ashe gida guda sun gani. Sun gani sun kau da kai, suka ba shi ruwa, suka ba shi 'yarsu. Shekara da shekaru yana kife mutane yana duba ƙasansu, bai taɓa kawowa a ransa cewa shi ma ana ganin nasa ba, rufa masa kawai ake yi.

Ya ji kamar ya tsaya tsirara a gaban yara.

Ta taga ya hango mutane suna nufar layin gidan Iya Talatu. Ya ajiye allin ya fita.

An tule kwanukan a ƙofar gida cikin rana, duk a kife, gindinsu na kallon sama. Kore, ja, mai ƙusa. Mata sun leƙo ta katanga, masu teburi sun bar teburansu. Uwani tana durƙushe ta shimfiɗa tsohon zanen Inna tana jera su a ciki, kanta a sunkuye kamar wuyanta zai karye.

Indo tana jingine da ƙofa tana cin rake.

"A hankali dai, amaryar marubuci, kada ki fasa na mutane. Ko ke ma an fara tara miki naki? Ki gaya min launin da kike so in ara miki."

Aka yi dariya. Uwani ba ta ɗago ba. Ta ƙulle bakin zanen, ta naɗa gammo, ta kama ƙunshin za ta ɗaga. Ya fi ƙarfinta. Ta sake gwadawa, kwanuka suka yi ƙara, dariya ta ƙaru.

Sai ta ga hannu mai alli ya kama ɗaya gefen.

"Sake min," in ji ta ƙasa-ƙasa.

"Ba naki ba ne. Nawa ne."

Inuwa ya cire hularsa ya cusa a aljihu. Ya ɗauki gammon daga kanta ya ɗora a nasa. Ya durƙusa, ya ciccibi ƙunshin, ya miƙe yana tangaɗi.

Wuri ya yi tsit. Namiji, malamin makaranta, da kayan ɗakin mata a ka!

"Malam!" Indo ta yar da raken. "Me kake yi haka? Mutuncinka fa!"

"Jiya na zubar da shi, Indo. Kin taya ni ma."

Ya juya ga jama'a, kwanuka na kaɗawa a kansa.

"Ni na rubuta. Amana aka ba ni a zaure na kai rediyo. Wanda zai yi dariya, ga ni."

Aka kuwa yi. Mutanen Tarauni ba su ji kunyarsa ba ko kaɗan.

"Malam, nawa langa?"

"A sa wannan ma a littafi!"

Haka suka kama hanyar Gyadi-Gyadi, shi a gaba, ita a baya da tazara, kwalam-kwalam, kwalam-kwalam, ta gefen gonakin da suka bushe. Masu keke suna tsayawa kallo. Wani direban tasi har ya rage gudu ya danna masa oda. Gumi ya jiƙe masa riga, wuyansa na rawa, don tun da yake bai taɓa ɗaukar abin da ya fi littattafai nauyi ba.

"Ka karkace," in ji Uwani daga baya. "Za ka zubar."

Ya gyara.

"Ba don na yafe ba na faɗa. Don kayan mutane ne."

"Na sani."

Suka yi 'yar tafiya.

"Zan koma gidan rediyon," in ji shi yana haki. "Zan rubuta wani in ba da haƙuri, in bayyana cewa..."

"Ka sake tona mu ke nan? Wanda bai ji jiya ba ya ji jibi?"

"To me zan yi, Uwani?"

"Ka yi shiru. Ka taɓa gwadawa?"

Ya yi shiru har ƙofar Hajiya Lami.

Hajiya ta fito zaure tana gyara mayafi. Ta dubi Inuwa daga sama har ƙasa, ta dubi ƙunshin.

"A'a! Mai kife-kife ne da kansa? Sauke, kada ka mutu a ƙofata a ce ni ce."

Ya sauke. Ya kwance zanen, ya zaro fantekar ya miƙa mata da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Hajiya, ga kayanki. Ki yafe min."

Ba ta karɓa ba.

"Wa ya ce ina nema? Ni na aika a karɓo?" Ta juya ga Uwani. "Talatu ce ta fitar da su waje?"

"Ita ce, Hajiya."

"A kife?"

"A kife."

Hajiya Lami ta ja dogon tsaki. Ta leƙa waje ta ƙwala wa matar mahauci kira, ta aika a kirawo mai ƙosai, ta ce kuma a fito mata da Husaina ko tana so ko ba ta so.

"Kai kuma ɗaure ka ɗauka. Inda ka ɗauko za ka mayar."

"Hajiya... Tarauni?"

"Da ka rubuta ai har Zariya aka ji. Tarauni ce ta yi maka nisa?"

Haka aka sake juyawa. Wannan karon mata ne a gaba, Husaina a tsakiyarsu an lulluɓe ta, Inuwa a ƙarshe da kaya kamar jakin haya. Waɗanda suka yi dariya da fari suka sake yi, har da ƙari.

Iya Talatu ta tare su a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Lami, na ce ba na son kayan aro a gidana."

"Tun yaushe?" in ji Hajiya Lami.

Ta matsa kusa, ta rage murya, amma ba ta rage yadda matan gida ba za su ji ba.

"Talatu, kada ki sa in yi irin aikin yaron nan. Lokacin da kika kai babbar 'yarki Daurawa, fantekar nan da kika kife a rana, a ɗakin wa ta yi damina? Na taɓa faɗa? Ga Indo nan ta isa aure. Ranar da za ki kai ta, ƙofar wa za ki buga? Ki faɗa min yanzu in sani."

Iya Talatu ta dubi matar mahauci, ta dubi mai ƙosai. Duk sun zuba mata ido. Hannunta ya sauka daga ƙugu.

Indo ta sulale ta shige ɗaki.

"Ni ai... zugar yara ce," in ji Iya Talatu. "Husaina, shiga ɗakinki mana, kin tsaya kamar baƙuwa."

Mata suka karɓi kayan daga kan Inuwa a bakin zaure, don namiji ba ya shiga. Yana tsaye a waje yana jin ƙarar ana mayar da jere, kwalla kan kwalla. Can sai guɗar Hajiya Lami ta tashi. Ya zauna a dakali, ya rufe fuska da hula.

Ba a nan magana ta ƙare ba.

Husaina ta koma ɗakinta, amma ta daɗe in ta hango Inuwa sai ta sauya hanya. Inna ta daina zuwa biki da suna har aka yi girbi. Inuwa ya je gidan rediyo ya karɓo sauran littafin, ya ce a dakatar. Mu'azu ya yi ta masa faɗa, wai ya kashe aikin da ya fi kowanne kyau. Wataƙila ma gaskiya ne. Bai sake fito da shi ba.

Sai da ya bari ƙura ta lafa sannan ya je wajen Malam Garba. Ya same shi a ƙofar gida yana wanke filogin mota a cikin gwangwani. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa. Rigarsa ce ta koyarwa a jikinsa, mai tabon tawada a aljihu.

Ya gaishe shi. Daga nan bai ƙara ko kalma ba.

Malam Garba ya gama filogi ɗaya, ya ɗauki wani. Ya gama, ya ɗauki wani.

"Kai da aka ce kana da magana, yau babu?"

"Babu, Baba."

"To yau ka fara hankali." Ya goge hannu da tsumma. "An ce sawu biyu ka yi da kaya a ka."

"Haka ne, Baba."

"Da nauyi?"

"Da nauyi, Baba."

"Uwarsu ta fi ka sanin nauyinsa, ita ba ta da gammo." Ya ajiye tsumman. "Ni na janye tawa. Saura ta yarinyar. In ta ce a'a, kada in sake ganin ka."

Uwani ta fito zaure bayan la'asar. Ta zauna a dokin ƙofa, ta juya masa gefe.

"Uwanina..."

"Ban ce ka kira ni haka ba tukuna."

"To."

"Sharaɗi ɗaya ne. Abin da na faɗa maka a tabarma, a tabarma zai mutu. Ni ba littafi ba ce. 'Yan uwana ma ba littafi ba ne."

"Na yarda. Amma to me zan riƙa rubutawa?"

"Ka ƙirƙiro ƙaryarka mana. Ba shi ne aikin naka ba?"

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya share ido da hannun riga.

"Na ce mutum ba ya son kowa sai kansa. Na faɗa a gaban mutane, na rubuta. Ranar nan da nake tafe da kaya kina bayana, ba abin da nake roƙo sai a ce duk dariyar nan ni kaɗai take samu, kada ko ɗaya ta wuce ta same ki. Ban san sunan wannan ba a cikin duk abin da na karanta."

"Kada ka sa masa suna," in ji ta. "Da ka sa za ka kai rediyo."

Ta juyo. Karo na farko tun ranar Lahadin nan ta dube shi ido cikin ido.

"Yanzu ka iya kira."

"Uwanina."

"Na'am, Malam."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura.

Da 'yan kai amarya suka watse, gari ya waye, Inuwa ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon bango. Jere ya tashi har rufi. Kwalla kan kwalla, fanteka kan fanteka, hasken hantsi ya shigo ta taga yana wasa a jikinsu. Gyaɗa kuwa bana ma ba ta yi ba.

Uwani tana zaune a bakin gado tana kallonsa. Ta ga yadda ya karkace kai. Ta san wannan karkacewar.

Ta tashi, ta hau kujera, ta sauko da fantekar can ta sama. Ta ɗora masa a hannu.

"Ga ta. Na ga idonka a kanta. Kife ka duba."

Ya riƙe ta. Sanyinta ya ratsa tafinsa. Yatsunsa suna gefen gindin, juyi ɗaya kawai ya rage.

Ya hau kujerar da kansa, ya mayar da ita inda take, ya daidaita murfin.

"Baba ya yi ƙoƙari," in ji shi.